Kafin Ka Ce A Yi Mata Fomat

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji halin da kake ciki. Ka ce kwamfutar cinyar da kake neman abinci da ita a shagonka na Tudun Wada ta ɗauko wani sabon hali. Kana tsakiyar buga wa mutane takarda sai ta ɗauke, wata rana sikirin ya yi shuɗi, wata rana kuma ta sandare har linzami ya ƙi motsi. Ka ce abokanka sun riga sun yanke hukunci: bairos ne, a kai ta Kano a yi mata fomat. To, Allah ya sawwaƙe. Amma ka ɗan dakata da neman kuɗin motar, ka saurare ni tukuna.

Abubuwa uku ka lissafa mini, kai kuma kana ganinsu abu ɗaya. Ɗaukewa farat ɗaya daban, shuɗin sikirin daban, sandarewa daban. Kowanne da inda ya fi nunawa. Yadda kwamfuta take mutuwa, da lokacin da take mutuwa, su ne rabin gano ciwonta, kuma wannan rabin kai kaɗai ne kake iya samo shi, domin kai ne kake zaune a gabanta. Injiniyan da ke Kano ba ya nan sa'ad da abin ya faru. In ka je ka ce masa "tana ɗaukewa" ka yi shiru, ka bar shi da lalube, mai lalube kuwa hanya mafi sauƙi yake bi, wato fomat.

Tun kafin a zo maganar gano ciwo ma, akwai abin da ya fi gaggawa. Yau ɗin nan, idan ta yarda ta kama, ka kwashe abin da ke cikinta. Ba naka kaɗai ba ne a ciki. Akwai furojet ɗin ɗalibai, akwai takardun shaida da ka ɗauki hotonsu, akwai lissafin ƙungiyar manoma da ka ce kana riƙe musu. Ƙarfe ana sayen wani, amma babi huɗu da yarinya ta yi wata uku tana rubutawa ba a sayar da shi a kasuwa. Ka nemi filas mai kyau ko faifan waje, ka fara da abin da ya fi muhimmanci, kada ka ce sai ka kwafi komai a tashi ɗaya, don in faifan ciki ne ke gargara, yana iya cikawa kana tsakiyar kwafar finafinai. Takardun da ba su da nauyi ka tura su Google Drive, ai duk mai adireshin Gmail yana da gigabait 15 kyauta. Wannan shawarar ka isar da ita ga 'yar'uwarka da ke Makarantar Horas da Lauyoyi ta Bagauda, don ɗalibai sun fi kowa sakaci a nan. Sannan ka duba ko faifanka a kulle yake da BitLocker. Idan haka ne, akwai wata lamba mai alƙaluma 48 da Windows kan nema in an taɓa wasu sassan jikin kwamfutar. Ka nemo ta a asusunka na Microsoft, ka rubuta a takarda ka adana. In babu ita, ko wane gwani ne ba zai buɗe maka faifan ba.

Da ka gama wannan, sai ka sayi ɗan littafi na yara 'yan firamare ka ajiye kusa da ita. Duk lokacin da ta yi halin nata, ka rubuta: ƙarfe nawa ne, me kake yi, tana jone da caja ko a batir take, wutar Nepa ce ko janareta ko sola, gindinta da zafi ko babu. In shuɗin sikirin ne, ka yi maza ka ɗauke shi hoto da waya, domin a ƙasa akwai wani rubutu da manyan baƙaƙe, shi ne sunan abin da ya tsayar da ita. A sababbin Windows 11 launin ya koma baƙi tun 2025, amma rubutun na nan. Mako guda na irin wannan rubutu yakan tona asirin ciwon da kansa. Za ka ga, misali, kullum tsakanin azahar da la'asar abin yake faruwa, ko kullum sai an tayar da injin.

Bari in fara da abin da na fi zargi a ƙasarmu, wato zafi da ƙura. Waɗannan kwamfutoci da ake kawo mana 'yan gwanjo, yawancinsu sun yi ƙuruciyarsu ne a ofisoshin Turai da Amurka, cikin sanyin na'ura, ƙofa a rufe. Sai ga su a shago mai rufin kwano a bakin titin da ya tashi daga Kwanar Dangora ya nufi Jos, manyan motoci na tayar da ƙura dare da rana. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ya cusa mata ƙura, daga Maris zuwa Mayu bazara ta zo da zafin da kan haura digiri 40 a inuwa. A cikinta akwai 'yar fanka da bututun jan ƙarfe, aikinsu su janye zafi daga furosesa su fitar da shi ta wasu siraran haƙora da ke gefe. Ƙura takan taru a bayan haƙoran nan ta zama kamar auduga, iska ta rasa hanya. Furosesa kuwa an yi ta da dabarar kare kanta. In zafi ya yi yawa sai ta rage gudu, in ya ci gaba da hawa har ya wuce iyaka sai ta yanke wuta gaba ɗaya, ba sallama.

Alamar wannan ciwo ba ta ɓuya. Fanka tana ta kuka, aiki yana ta nauyi, sai ɗif, babu shuɗi babu gargaɗi. In ka kunna nan take ba ta daɗewa, in ka bar ta ta huce sai ta yi maka awa guda lafiya lau. Sa tafin hannunka a inda iska ke fita. In fanka na ihu amma iskar da ke fitowa ba ta da ƙarfi, hanya ta toshe. In kuma babu motsin fanka sam alhali jikin ya yi zafi, fankar ce ta mutu. Maganin ba mai tsada ba ne: a buɗe, a share, a goge tsohon man nan mai launin toka da ke tsakanin furosesa da jan ƙarfe, wanda shekaru suka busar, a shafa sabo. In za a hura da bulowa, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima. Kai kuma ka daina ɗora ta a kan katifa ko darduma ko matashi, duk suna toshe mata hanci ta ƙasa. Tebur ko faranti, ka ɗan ɗaga bayanta da wani abu. Na ji wasu na saka ta a firji don ta yi saurin hucewa. Kada ka soma. In ta fito, raɓa ce za ta kwanta mata a ciki, ka gudu daga zafi ka faɗa ruwa.

Na biyu wuta. Juya cajarka ka karanta ƙananan rubutun da ke jikinta, ka kwatanta da na gindin kwamfutar. Yawancin HP da Dell bolt 19.5 suke ci, Lenovo 20. Bayan wannan akwai wat: 45, 65 ko 90. Kwamfutar da ke bukatar 65 in aka ba ta 45, za ta kama, amma da aiki ya yi nauyi sai ta fara jan batir ko ta ɗauke. Cajar jabu kuwa, wadda ba ta da nauyi a hannu, tana da wata alama da mutane ba su cika lura da ita ba: da ka jona ta sai linzami ya fara tsalle-tsalle shi kaɗai, da ka zare sai ya natsu. Ga kuma batir. Mafi yawan 'yan gwanjon nan batirinsu ya riga ya ci rabin ransa kafin su iso Kano. In batir ya mutu murus, to wuta ta ɗan ƙyafta ido kawai, ko janareta ya yi tari, ko bakin caja ya motsa, kwamfuta ta tafi. Mai ita ya yi ta zargin bairos, alhali soket ne ke rawa.

Gwajin mai sauƙi ne. Cika batir, zare caja, yi aiki. In lafiya lau take a batir amma tana ɗaukewa a caja, ka ari caja ta asali wurin wani mai irin taka ka gani. In a batir ne take ɗaukewa ko da yana nuna kashi 40, batirin ne ke ƙarya. Abu ɗaya nake so ka ɗauka da gaske: in ka ga wurin linzami ya ɗago, ko gindin kwamfutar ya fara buɗewa da kansa, batir ne ya kumbura. Kashe ta, kada ka danna, kada ka huda, kada ka sake yin caji, a cire shi. Irin wannan yana kama wuta. Da damina kuma, musamman ku da ke kusa da duwatsun Doguwa da Riruwai inda hadari ke da ƙarfi, da ka ji tsawa ta matso ka zare caja daga bango.

Ka lura har yanzu ba mu kwance komai mai tsada ba. Manomin rani da ke shayar da gonarsa da ruwan Tiga, in injin ban-ruwansa ya mutu, ba ya fara da farke cikinsa. Mai yake dubawa, sannan fulogi, sannan tiyo. Haka nake so ka bi, daga mai arha zuwa mai tsada, kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ka canja caja, ka share fanka, ka goge manhaja duk a yini guda, ko ta warke ba ka san abin da ya warkar da ita ba, ranar da ciwon ya dawo kuwa sai ka koma farko.

Yanzu shuɗin sikirin. Shi wannan ba ɗaukewar wuta ba ce. Windows ce da kanta ta ga abin da ba za ta iya ci gaba da shi ba, ta tsaya ta faɗi dalili. Idan rubutun da ke ƙasa iri ɗaya ne kullum, har ma yana ambaton wani fayil mai ƙarewa da .sys, akasari direba ne, wato 'yar manhajar da ke fassara tsakanin Windows da wani sashe, kamar firinta ko wayafai ko katin hoto. Idan kuwa yau wannan suna gobe wancan, ba tsari, sai hankalina ya tafi kan ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kanta. MEMORY_MANAGEMENT yana yawan nuna can. INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE yana nuna Windows ta kasa kaiwa ga faifan da take tashi daga kansa. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuma ya fi karkata ga ƙarfen kansa, ko zafi. Ba hukunci ba ne, manuniya ce, amma ta fi "bairos ne" nesa ba kusa ba.

Ram yakan yi lahani, yakan kuma saki kawai daga mazauninsa. Kwamfutar da ke yawo a jakar baya a kan babur, daga Tudun Wada zuwa ƙauyukan da ke gefen dajin Falgore, tana shan jijjiga. Sau da yawa a zare shi, a share bakinsa mai ruwan zinare da abin goge fensir, a mayar, shi ke nan. In guda biyu ne, a gwada ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba sai ka je ko'ina ba kafin ka yi gwajin farko, masu ƙera ta sun saka mata likita a ciki. A HP, da ka kunna ka riƙa danna Esc, sannan F2. A Dell, F12, ka zaɓi Diagnostics. Zai gwada ram da faifai da batir ba tare da ya shiga Windows ba, in ya sami matsala ya ba ka lamba. Rubuta ta a littafinka.

Sandarewa ita ce ta fi tayar mini da hankali, shi ya sa na ce ka fara da kwashe kaya. Tsohon faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis, faranti ne da ke juyawa, akasari sau 5,400 a minti ɗaya, da wata allura tana shawagi a kansa ba ta taɓa shi. Ka ɗauki kwamfuta tana kunne ka dangwarar, ko wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, duk yana barin tabo. In ya fara gajiya, sai ka ga buɗe folda na ɗaukar minti guda, fayil ya ƙi buɗuwa, wani lokaci ka ji ƙas-ƙas daga ciki. Akwai wata 'yar manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, mai karanta rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa game da kansa. Shuɗi lafiya, rawaya hattara, ja kuwa a nemi wani. A nan ne fomat ya fi cutarwa. An goge maka kaya, an matsa wa faifai mai gargara da rubutu mai yawa, ta dawo gida tana sheƙi, bayan mako biyu ciwo ya dawo, kai kuma babu fayil babu kuɗi. In faifan ne, ka sa SSD. Ba ya da abin da ke juyawa, jijjiga ba ta damunsa, kuma a ganina babu kuɗin da za ka kashe wa tsohuwar kwamfuta da ya fi wannan amfani.

Kada ka ɗauka ina cewa manhaja ba ta da laifi. Ranar 19 ga Yulin 2024, wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya tura sabuntawa mai kuskure, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu Windows suka yi shuɗi a faɗin duniya. Jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya cik. Babu ko ɗaya a cikinsu da ƙarfenta ya lalace, fayil guda aka cire suka tashi. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: me ya canja kafin ciwon ya fara? Ka sa sabuwar firinta? Wani yaro ya zuba maka wasan ƙwallo? An ɗora maka manhajar zane ta sata, irin wadda ake cewa sai ka kashe mai gadi kafin ta shiga? Ko rigakafin bairos biyu ne ke kokawa a ciki? Wanda Windows ta zo da shi ya isa, in ana barinsa ya sabunta. Ka kuma duba kada faifan C ya cika maƙil, don in babu sarari ko lafiyayyar kwamfuta sai ta yi ta tuntuɓe.

Hanyar raba gardama tsakanin ƙarfe da manhaja guda biyu ce. Riƙe Shift ka danna Restart, ka bi zaɓuɓɓukan har ka shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da abin da ya zama dole kawai. In ta yini a nan ba ta yi komai ba, zargi ya koma kan wani abu da aka ɗora mata, sai ka cire na baya-bayan nan ɗaya bayan ɗaya. Ta biyun ta fi yanke magana: a sa Ubuntu, wata manhajar tafiyar da kwamfuta daban da Windows, a filas, a tayar da kwamfutar daga kansa ba tare da an taɓa faifanka ba. In a nan ma ta ɗauke, Windows ta wanku, ciwon a jiki yake, fomat ɗari ba zai taɓa shi ba.

Bairos fa? Yana nan, ba na musu, musamman a shago irin naka da kowa ke zuwa da filas ɗinsa. Amma wanda ya fi yawo a wurarenmu shi ne mai ɓoye folda ya bar maka gajerun hanyoyi na bogi. Yana ɓata rai, yana ɓata lokaci, sai dai ba kasafai yake kashe kwamfuta ɗif ba. Ɓarawo ya fi son gidan da fitila ke kunne a wannan harka, don sai tana aiki yake samun abin sata.

Wata magana kuma da ya kamata ka sani. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina ba Windows 10 kulawar yau da kullum, kamar yadda ta bar Windows 7 a Janairun 2020. Windows 11 kuwa a ƙa'ida tana neman furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Akwai masu dabarar cusa ta a tsofaffin kwamfutoci, tana kuma shiga, amma mai ram gigabait 4 da tsohon faifai wahala kawai za ta sha. In an ce za a ɗora maka ita, ka tambaya ko kwamfutarka ta cika sharuɗɗan.

In duk ka bi waɗannan abin ya ƙi, to sai Kano, Titin Beirut ko Farm Centre. Ka tafi da cajarka da littafinka da hotunan sikirin. Kafin ka miƙa, ka rubuta lambar jikinta, da girman ram da na faifai, a gaban mai gyaran, ba don zargi ba, don hankalin kowa ya kwanta. Ka fita daga asusunka na imel da na banki, takardun mutane kuma amana ce, in da hali ka cire su bayan ka tabbata kwafinka na buɗuwa. Ka nemi ya gwada a gabanka ya nuna maka abin da ya gani, in ya canja wani abu ya ba ka tsohon. Ka biya shi kuɗin bincike da daɗin rai ko da bai canja komai ba. Mu ne muke koya wa masu gyara saurin fomat, don ba ma son biyan wanda ya zauna ya yi awa biyu yana tunani, sai wanda muka ga ya yi wani abu da hannu. Ka kuma gaya masa gaskiya. In shayi ko kunu ya taɓa zuba mata, faɗi, domin ruwa yakan yi wata guda yana cin bod, wato babban allon da sassanta ke haɗe a kansa, a hankali kafin ya nuna. In ya ce bod ne, kuma kuɗin gyaran ya doshi rabin kuɗin wata irinta, ni dai shawarata ka cire faifanka da ram ɗinka, ka sayar da sauran ga masu kayan gyara.

Amma ban jin za a kai can. Daga yadda ka kwatanta, na fi zaton abu biyu ne suka haɗu maka, ƙura a fanka da faifai da ya tsufa. Ka yi gwajin F2 ɗin nan a daren yau bayan ka kwashe kayanka. In ya nuna faifai, kada ka sayi SSD sai ka turo mini lambar samfurin da ke gindin kwamfutar, don iri biyu ne, akwai mai faɗin inci 2.5 akwai siriri da ake kira M.2, kuma ba kowace ce ke karɓar kowanne ba.

Ka gaida mutanen gida, ka ce wa babarka ina nan tafe bayan an yi girbin shinkafa, in Allah ya yarda.